Tafin da Aka Yi wa Yayana a Filin Firamare

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da mutanen garinmu suka taru a filin firamare domin karrama yayana, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har in bar duniya. Shekaru sun shuɗe, wasu da suka yi rawa a wurin ma sun riga mu gidan gaskiya, amma ni ina ganin ranar kamar jiya.

Mu biyu ne 'ya'yan Mama da suka rayu, ni da shi. A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan muka tashi, lokacin Baba yana aikin gyaran layin dogo, amma asalinmu wani ƙauye ne a bayan Zonkwa, kuma can Mama ta koma da zama bayan rasuwar Baba. Ni aikin jinya na karanta, har yau nas ce. Shi kuwa Yaya tun yana ƙarami lissafi ne abincinsa. Daga sakandare sai Zariya, daga Zariya aka ɗauke shi zuwa Turai, ya zama dokta a kimiyyar fiziks, ya zauna can yana bincike a kan sararin samaniya. Ya yi aure, ya haifi yara, amma kusan kowace Kirsimeti sai ya zo gida.

Ba wanda ya san takamaiman aikinsa a garinmu. Wasu suna cewa taurari yake ƙirgawa, wasu suna cewa shi ke gaya wa Turawa ranar da za a yi ruwa. Na tuna wata shekara Mama ta tsare shi a tsakar gida, ta ce yau sai ya gaya mata abin da yake yi. Ya yi dariya, ya ɗauko faifai ya zuba gyaɗa a kai, ya fara juya shi a hankali.

"Mama, in na ƙara gudu me zai faru?"

"Gyaɗa zai zube mana," in ji ta.

"To, taurari ma haka suke, a tare suke juyawa cikin manyan garkuna. Da aka auna gudunsu sai aka ga ya kamata a ce tuni sun watse, amma ba su watse ba. Akwai wani abu mai nauyi da yake riƙe da su, ba ya haske, ba a ganinsa. Ya ma fi duk abin da muke gani yawa. Turawa suna ce masa dak mata. Shi nake nema."

Mama ta riƙe haɓa. "Wane mata kuma? Ga matarka, ga yaranka, kana can kana neman wani mata?"

Ranar mun yi dariya har da hawaye. Haka yake a da, mutum mai raha, mai son a tambaye shi.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, tun yana da sauran ƙuruciya ya rubuta wata takardar bincike da ta yi suna a tsakanin masana. A ciki ya ce wannan abu da ba a gani wata 'yar ƙwaya ce ƙanƙanuwa, ya lissafa nauyinta, ya faɗi irin alamar da za ta bari in ta bugi wani abu. Shi ba ya leƙa sama da madubi kamar yadda mutanenmu suke zato, a kan tebur yake aikinsa da alƙalami da kwamfuta. Wasu masanan ne suke gina manyan na'urori a ƙarƙashin duwatsu, su zauna suna jiran ƙwayar ta nuna kanta. A kan wannan takarda ya ɗora duk sauran aikinsa. Ya rubuta wasu da yawa a bayanta, ya yaye ɗalibai a kanta, gashin kansa ya yi fari a kanta.

A duniyarsu, in ji shi, ba a auna mutum da gida ko mota. Duk lokacin da wani masani ya rubuta takarda ya ambaci taka, akwai kwamfuta da take ƙirgawa. Yawan ambaton shi ne girman mutum. Da shi ake ba da aiki, da shi ake ƙarin girma.

Shekarar da abin ya faru, shekara ce mai nauyi a wajenmu. Cuta ta shiga citta ta ruɓar da ita a cikin ƙasa, mutane suka tona gonaki suka tarar da wari. An kuma kai hari a wasu ƙauyuka da ke kusa da mu, mun yi jana'iza har mun gaji. Ana cikin haka sai wani labari ya fara yawo a wayoyin mutane, da hoton Yaya, cewa ɗan ƙauyenmu yana cikin masanan da aka fi ambaton aikinsu a fanninsa a wannan shekarar. Kafin mako ya zagayo an mai da shi furofesa a bakin mutane, an ce shi ne na ɗaya a duniya. Ba zan ga laifin kowa ba. Mutanen da suka daɗe ba su ji labari mai daɗi ba, in suka samu ɗaya sai su rungume shi da hannu biyu.

Kawunmu, ƙanen Baba, shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban garinmu. Tsohon hedimasta ne, mai son tsari da son a yi abu a gani. Ya tara mutane aka yanke cewa Asabar ɗin bayan Kirsimeti za a yi sujadar godiya, daga nan a wuce filin firamare a karrama Yaya. Aka fitar da anko, aka sayi saniya, aka gayyaci hakimi. Sakandaren garin ma ta ce za ta sa wa sabon ɗakin kimiyyarta sunansa.

Yaya ya iso shi kaɗai, ya ce iyalin sun tsaya saboda makarantar yara. Ni na je tasha na tarye shi. Da ya sauko daga mota sai na tsaya ina kallonsa. Aikina ne kallon jikin mutane, kuma jikin da na gani ba na mai murna ba ne. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa sun faɗa. A cikin keke-napep ina ta ba shi labarin shirye-shirye, shi kuwa yana kallon tsofaffin taragan da suka yi tsatsa a gefen tashar jirgi.

Da muka isa gidana a Kafanchan na zuba masa pate, faten tsaki da ganye, ya ci cokali kaɗan ya ture. Sai ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Auta, zo ki ga abin da ake yi wa biki."

Ya nuna mini wani zane, layi ne da ya daɗe yana tafiya a kwance, sai a ƙarshe ya miƙe sama kamar an ja shi da igiya.

"Ai abin alheri ne, Yaya," na ce.

"Kin san me ya sa ya hau? Na'urorin nan da nake gaya muku sun kai ƙarfin da in ƙwayar da na faɗa tana nan, dole su gan ta. Sun jira, sun sake jira. Ba su ga komai ba. Wasu a wata ƙasa suka gwada da tasu na'urar, su ma haka. Babu ita, Auta. Abin da ke riƙe da taurari yana nan, amma ba abin da na ce ba ne." Ya nuna ƙarshen layin da yatsa. "Yanzu duk wanda zai rubuta cewa wannan hanya ta toshe, dole ya ambaci wanda ya buɗe ta. Shi ya sa sunana ya cika ko'ina. Kwamfutar ba ta san bambancin wanda ya ce ka yi daidai da wanda ya ce ka yi kuskure ba. Ƙirga kawai take yi."

Na tambaye shi aikinsa fa. Ya ce masu ɗaukar nauyin binciken sun rufe sashensa, ɗalibansa sun koma wajen wasu malamai, kwantiraginsa kuma zai ƙare ba za a sabunta ba. Ya faɗi haka da murya a kwance, kamar yana ba da labarin wani. Na ɗauko abin awo na gwada jininsa, abin da na gani ya sa na ce ko ya sha magani yanzu ko mu tafi asibiti.

Washegari muka hau mota zuwa ƙauye, ya ce sai ya ga Kawu kafin komai. Mun tarar da shi a ƙofar gida yana duba allon ƙyallen da aka buga, da hoton Yaya ƙato da taurari kewaye da kansa. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, ya roƙe shi a soke taron, ko a mai da shi addu'a kawai saboda waɗanda aka rasa.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire tabarau. "Ɗana, in tambaye ka. Turawan nan sun kira sunanka ko ba su kira ba?"

"Sun kira, Kawu, amma..."

"Ka saci aikin wani?"

"A'a."

"To mene ne? Saniya ya riga ya zo. Mata sun ɗinka anko da abin da ba su da shi. Hakimi ya ce zai zo da kansa. Ka san rabon garin nan da ya buga ganga ba don gawa ba? Kai ka zauna a kujera, a yi maka waƙa, ka ce na gode. Wannan magana na daidai da ba daidai ba, ka bar shi a can inda ake jin shi."

Har yau ban iya cewa Kawu mugu ne ba. Garinsa yake tunani. Amma na kalli fuskar Yaya a lokacin, na san ba zai iya ba. Mutum ne da ko a wasan dara bai yarda a bar kuskure ya wuce.

Ranar Asabar coci ta cika har waje. Rabaran ya yi wa'azi a kan sammai da ke shelar ɗaukakar Allah, 'yan zumuntar mata suka yi waƙa suna kaɗa tulu da kacau-kacau har ƙasa tana amsawa. Daga nan aka ɗunguma zuwa filin firamare. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, masu rawar gargajiya sun zo da ƙaho. Har Fulanin rugar da ke bayan rafi sun aiko da dattawansu, domin akwai wanda suka yi wasan ƙuruciya tare da Yaya in mun zo hutu a cikinsu. Tsofaffin abokan Baba na reluwe, Ibo da sauransu, sun yi hayar mota daga Kafanchan. Mama tana zaune a gaba cikin anko, ta ɗaura ɗankwali ya fi kanta girma. Ban taɓa ganin ta miƙe wuya haka ba.

Aka yi ta jawabai. Wani ya ce Yaya ya gano abin da Allah ya ɓoye tun farkon halitta. Wani ya ce Turawa ba sa fara karatu sai sun kira sunansa. Duk wanda ya faɗi tasa sai a ɗauki guɗa. Ni ina bayansa a zaune, ina kallon yadda ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito.

Da aka miƙa masa makirfo ya tashi, ya gaida hakimi, ya gaida iyaye da malaman coci. Ya fara da yarenmu, sannan ya koma Hausa don baƙi su ji.

"Iyayena, na gode da wannan ƙauna. Amma ba zan karɓi abin da ba nawa ba. Ni ba furofesa ba ne, dokta ne. Kuma ban gano komai ba. Na yi shekaru ina cewa ga abin da ke riƙe da taurari, an gwada, an ga ba shi ba ne. Sunan nawa da kuka ji ana yawan ambata, masu cewa na yi kuskure ne suke ambatarsa, kuma gaskiyarsu ne. A aikinmu wannan ba abin kunya ba ne, domin yanzu an san inda ba za a ƙara nema ba. Amma ban zo muku da nasara ba. Na zo gida ne a gajiye."

Filin ya yi tsit. Ana jin kukan wani jariri daga can baya, da ƙarar janareta. Shirun nan bai daɗe ba, amma ni na ji shi kamar shekara. Sai mai gabatarwa, wani saurayi mai zaƙin baki, ya karɓe makirfo da sauri ya ce, "Jama'a kun ji tawali'u? Kun ga yadda manya suke? Babban mutum ba ya yabon kansa! A tafa wa Furofesa!"

Aka tafa. Tafi mai ƙarfi, da guɗa, da ƙaho. Ganga ta tashi, mata suka shigo fili suna juyi. Yaya yana tsaye a tsakiya, hannunsa a sake, bakinsa a ɗan buɗe kamar akwai sauran magana. Aka zo aka rataya masa wani zane a kafaɗa, aka danƙa masa allon yabo, masu hoto suka yi ta ɗauka. Ina da hoton har yanzu, ba na iya kallonsa. Mutum ya tsaya gaban danginsa kaf ya ce ya faɗi, su kuma suka amsa masa da rawa.

Amma ba kowa ne bai ji ba. Na ga hakimi ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi. Na ga malaman sakandare suna haɗa kai. Kawu kuwa ko kallon inda muke bai ƙara yi ba, sai da aka watse ya zo ya tsaya a gaban Yaya ya ce, "Ka tuɓe ni a gaban mutane." Ya juya ya tafi.

Da la'asar muka koma gidan Mama. Ta cire ɗankwalin, ta zauna a bayan ɗaki inda ta shanya 'yar cittar da ta tsira. Ta kira shi da yare, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yaro.

"Abin da kake nema ɗin, ba ka same shi ba?"

"Ban same shi ba, Mama."

"Duk shekarun nan?"

"Duk shekarun nan."

Ta daɗe tana juya cittar da hannu. Sannan ta ɗora tafinta a kansa, a kan furfurar nan, ta ce, "Sannu." Iyakar abin da ta ce ke nan. A nan ne ya fashe da kuka, babban mutum mai 'ya'ya, kafaɗunsa suna girgiza. A cikin duk mutanen da suka cika filin nan, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ce kaɗai ta yi masa gaisuwar da ta dace da abin da ya same shi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma magana in ta fita daga bakin mai ita, sai ta canza kaya a hanya. Kafin sabuwar shekara, "na yi kuskure" ta zama "an kama shi". Aka ce takardunsa na bogi ne. Aka ce korar sa aka yi daga Turai saboda ya yi wa Turawa ƙarya. Waɗanda suka ɗinka anko suka fara cewa an yaudare su. Sakandare ta buɗe ɗakin kimiyyarta shiru, ba sunan kowa a jiki. A asibitinmu wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Sista, wai da gaske ne ɗan'uwanki bai ma gama makarantar ba?"

Ya koma Turai ya nemi aiki a wurare da dama. Sunansa sananne ne, amma sananne da abin da ya rufe, kuma shekarunsa sun ja, ga yara sababbin jini da sababbin dabaru. Zaman gida ba aiki ya sa tsakaninsa da matarsa ya yi sanyi. Da damina ta kama sai ga shi ya dawo da akwati biyu, ya ce zai ɗan huta a wajena. Hutun da bai ƙare ba ke nan.

Ya samu wata makarantar kuɗi a Kafanchan yana koyar da fiziks. Ɗalibai suna son sa, amma a kan titi ba a bar shi ba. Wata rana muna tsaye a bakin kasuwa wani ɗan acaba daga garinmu ya rage gudu ya ɗaga murya, "Furofesa! Yaya taurari?" Abokansa suka kwashe da dariya. Yaya ya ɗaga masa hannu kawai. Ƙauye kuwa ya daina zuwa sai in zai duba Mama, ya shiga da sassafe ya fito kafin a taso daga gona. Wani lokaci nakan tarar da shi da takardu a baje yana lissafi, in ce ko wata sabuwar hanya ce, sai ya ce, "Hannu ne kawai ya saba, Auta."

Maganin hawan jini sai na tsaya a kansa yake sha. Wata ranar Talata da rana aka kira ni daga makarantar, aka ce ya faɗi a gaban allo da alli a hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Na yi jinyar mutane da yawa masu irin wannan ciwo, amma ban san nauyinsa ba sai da na riƙa ba yayana kunu da cokali, mutumin da ya iya yi wa tsohuwa bayanin sama da faifan gyaɗa, yana kallona yana neman kalma ɗaya ta gagare shi. Ya yi watanni a haka. Bai kai wata Kirsimetin ba.

A wajen jana'iza, Kawu ne ya karanta tarihinsa. Sai na ji yana cewa marigayi furofesa ne da duniya ta san da zamansa, wanda masana suka fi ambata, abin alfaharin ƙasarmu. Mutanen da suka yi ta yaɗa cewa ɗan bogi ne suna zaune suna gyaɗa kai suna cewa amin. Mama ba ta ɗaga kai ba. Ni kuwa na tashi na fita, na tsaya a bayan coci har aka gama. Da ransa ya roƙe su su ji gaskiyarsa, ba su ji ba, ga shi a cikin akwati ma ba a bar shi da ita ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ba shi da daɗi, amma na riƙe shi. Yawan kiran sunan mutum ba ya gaya maka halin da yake ciki, kuma sau da yawa abin da muke so daga namu da ya yi nisa shi ne ya zama mana abin nunawa, ba mu damu da shi kansa ba. In ya yi sama mu yi rawa, in ya sauko mu ce dama can ƙarya ne, babu mai tsayawa a tsakani ya tambaye shi yaya jiki. Tun daga lokacin, duk wanda ya buɗe baki ya ce mini abu ya lalace masa, ba na gaggawar ce masa ai ba komai, ba na kuma neman laifinsa. Zama nake yi in ji shi har ya gama.

Yaransa sun girma yanzu a can Turai. Sukan kira ni jefi-jefi, da 'yar Hausarsu da ta karye, su tambaye ni wane irin mutum ne babansu. Abu ɗaya nake gaya musu kullum. Babanku bai yi wa kowa ƙarya ba. Ya ba da rayuwarsa ga tambaya ɗaya, amsa ta zo ba yadda ya so ba, ya dawo gida ya tsaya gaban mutanensa ya faɗa da bakinsa. Na yi shekaru ina aiki da mutane iri-iri, ban ga da yawa da za su iya haka ba.